Wa Ya Kashe Uwar Marayan? Sharhi Kan Finafinai Uku Na Biran Borniyo

FIM: Born to Be Wild
DARAKTA: David Lickley
MARUBUCI: Drew Fellman
MAI BA DA LABARI: Morgan Freeman
SHEKARA: 2011
TSAWO: Minti 40

FIM: Orangutan Jungle School
KAMFANI: NHNZ
SHEKARA: 2018 (zango na farko, kashi 10)

FIM: Green
DARAKTA: Patrick Rouxel
SHEKARA: 2009
TSAWO: Minti 48

Mai karatu, a wannan watan filin namu zai yi nisan kiwo. Za mu bar Kano da Bombay mu nufi tsibirin Borniyo, can kudu maso gabashin Asiya, tsibirin da ƙasashen Indunusiya da Maleshiya da Burunai suka raba a tsakaninsu. Finafinai ukun da za mu duba babu rawa babu waƙa a cikinsu, babu jarumi babu bos. Finafinan gaskiya ne, wato dokumentare. Sai dai labarin da suke ɗauke da shi duk mai karanta littattafanmu na Hausa ya san shi tun yana ƙarami: labarin maraya ne, wanda aka raba da uwarsa, ya faɗa hannun wasu, ana jiran a ga yadda Allah zai yi da shi.

Wataƙila an taɓa turo maka guntun bidiyon nan a waya, na wasu jariran birai jajaye an lodo su a baro ana tura su, sun rungume juna suna zare ido. Daga irin waɗannan finafinai ake yanko shi. Kuma irin waɗannan hotuna ne ke sa matasa a Turai da Amurka da Ostireliya su tara kuɗi, su hau jirgi su tafi Borniyo aikin sa kai a cibiyoyin renon biran. To, tambayar da ta dame ni ita ce: abin da fim ya nuna masu da abin da ke faruwa a can, ɗaya ne? In ba ɗaya ba ne, me aka ɓoye, kuma wa ɓoyewar ta cutar?

Wane ne mutumin daji?

Sunan birin orangutan. Kalmar daga harshen Malay take: “orang” mutum, “hutan” daji. Mutumin daji ke nan. A duk duniya a tsibirai biyu kaɗai yake rayuwa a dawa, Borniyo da Sumatara. Iri uku ne: na Borniyo, da na Sumatara, da na Tapanuli wanda sai a 2017 masana suka tabbatar da shi a matsayin iri na daban, kuma yawansa bai kai 800 ba. Duk ukun suna cikin jerin dabbobin da ke dab da ƙarewa.

Akwai abu ɗaya da in ba ka riƙe shi ba, ba za ka fahimci ko ɗaya daga finafinan nan ba. Uwar orangutan sai bayan shekara bakwai zuwa takwas take sake haihuwa. A wannan tsakanin ɗan yana tare da ita, shekarun farko ma a manne da jikinta yake. A wurinta yake koyon wane ɗan itace ake ci, wane ne dafi, yaushe bishiya kaza take nuna, yadda ake lanƙwasa rassa a yi sheƙar kwana a sama duk yamma, da abin da ake gudu. Uwar ba ta sakin ɗanta da rai. Saboda haka kusan duk jaririn da ka gani a hannun mutum yana shan madara a fida, ka ƙaddara akwai gawar uwa da aka bari a baya. Ko dai an harbe ta don ta shiga gona, ko don nama, ko don a sayar da ɗan ga masu ajiye shi a gida, abin da dokar Indunusiya ta haramta, ko kuma gobarar daji ta ci ta.

Born to Be Wild: tatsuniya mai daɗi

Fim ɗin ya haɗa labarin mata biyu. Ta farko Birute Galdikas, 'yar asalin Lituweniya da ta tashi a Kanada, wadda ta isa dajin Tanjung Puting a 1971 tana da shekara 25, ta kafa sansanin bincike ta sa masa sunan malaminta, Camp Leakey. Ita ce ta uku a cikin matan nan da Louis Leakey ya tura nazarin manyan birai, bayan Jane Goodall da Dian Fossey. Ta biyu Daphne Sheldrick ta Kenya, mai renon marayun giwaye, wadda ta rasu a 2018. Fim ɗin yana tsallakawa daga Borniyo zuwa Kenya ya dawo, yana bin matakai guda: ceto, reno, horo, sai mayarwa daji.

Tun daga farko Morgan Freeman ya gabatar da labarin a matsayin tatsuniyar da ta faru da gaske, matan biyu kuma su ne iyayen goyon da suka zo ceton marayu. A gaskiya ta fuskar sana'a fim ɗin ya haɗu. An ɗauke shi ne don manyan allunan sinimar IMAX, da irin hoton nan da ke fitowa kamar ka miƙa hannu ka taɓa, kuma mai ɗaukar hoto David Douglas ya san inda zai ajiye kyamara. Ko a ƙaramin allon talabijin za ka ji zurfin kurmin. Idan ɗan biri ya rataye da hannu ɗaya yana lilo, ba a yanke hoton da sauri, ana barin ka ka ƙare masa kallo. Ɓangaren Kenya ma haka: 'yan giwaye lulluɓe da barguna, suna buga ƙwallo da masu kula da su, masu kulan kuma suna kwana tare da su a ɗaki. Fitowar da ta fi taɓa ni ita ce inda tsofaffin marayun da suka riga suka koma dawa suka fito daga daji suka tarbi sababbin da aka kawo. Nan darakta ya yi hankali, ya bar hoton ya yi magana.

Haɗa giwa da biri a fim ɗaya ma dabara ce mai kyau. Giwa 'yar dangi ce, sai da garke take rayuwa, don haka maganin maraicinta shi ne a sama mata sabon dangi. Orangutan kuwa in ya girma yawanci shi kaɗai yake yawo, don haka maganin maraicinsa shi ne a koya masa dogaro da kai. Ba a yi dogon bayani ba, amma mai kallo yana ganin bambancin da idonsa. Minti 40 ɗin suna wucewa ba ka sani ba, kuma fim ne da za ka zauna da yara ku kalla ba fargaba.

Inda gizo ke saƙar

To amma, mai karatu, a ce furodusa ya kawo mana fim ɗin Hausa na marayu ɗari uku a gida ɗaya, aka yi ta nuna mana yadda ake ba su abinci ana yi masu wasa, har aka rubuta “Alhamdulillahi” ba a nuna mana abin da ya ci iyayensu ba. Ai da wasiƙunku sun cika wannan mujalla. Wannan shi ne babban laifin Born to Be Wild. Ya ambaci sare daji da farauta, gaskiya ne, amma a gurguje, kamar mai tsallake kwata. Wa ke sarewa? Wa ke ba da izini? Wa ke saye? Shiru. Tatsuniya ce wadda aka cire dodo daga cikinta don kada yara su tsorata. Ga girman abin da aka tsallake: wani bincike da aka buga a 2018 ya ƙiyasta cewa tsakanin 1999 da 2015 Borniyo ta yi asarar orangutan fiye da 100,000. Gobarar 2015 kaɗai ta ƙone kusan hekta miliyan 2.6 a Indunusiya, yawanci wutar share fili ce da ta kama busasshiyar ƙasar fadama ta ƙi mutuwa.

Laifi na biyu ya fi na farko ɓoyuwa, domin a cikin fitowar da ta fi ba da dariya yake. An nuna wata babbar birinya ta zauna kusa da Galdikas tana jan taliya daga farantinta. Kowa zai yi murmushi. Amma ka tambayi kanka: birin da ke cin taliya da mutum a faranti ɗaya, ya koma daji ke nan ko bai koma ba? Kusancin halittarmu da su, wanda masana suka ce ya kai kashi 97 cikin ɗari, shi ne ke sa cutarmu ta kama su: tarin fuka, ciwon hanta, har mura. Birin da ya saba da hannun mutum kuma ba ya gudun mutum, kuma birin da ba ya gudun mutum shi ne ke shiga gonar da za a harbe shi. Wannan ba sabon zance ba ne a lokacin da aka yi fim ɗin. Tun a 1995 gwamnatin Indunusiya ta fitar da ƙa'idar cewa kada a riƙa sakin biran da aka rena a dajin da ke da biran dawa, saboda tsoron yaɗa cuta da ƙwacen abinci. A ƙarshen shekarun 1990 kuma marubuciya Linda Spalding ta fitar da littafi, A Dark Place in the Jungle, inda ta tayar da tambayoyi kan yadda ake tafiyar da aikin Galdikas. Ko ka yarda da masu sukar ko ba ka yarda ba, muhawara ce da ta daɗe a tsakanin masana, kuma fim ɗin ya yi kamar babu ita. Ni ban raina matar da ta ba da fiye da shekara arba'in na rayuwarta a cikin sauro da matsattsaku ba. Da yawan abin da duniya ta sani game da wannan dabba daga wurinta aka fara jin sa. Amma girmama mutum daban, wanke shi da sabulu daban.

Na uku, kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Duba bayan taurarin biyu za ka ga waɗanda ke aikin: matan ƙauyukan Borniyo, da yawansu 'yan ƙabilar Dayak, su ke goya jariran, su ke tashi cikin dare ba da madara, su ke shan cizo. Muna ganin su a kusan kowace fitowa, amma labarin ba nasu ba ne. Ba a kai mu gidan ko ɗaya daga cikinsu ba, ba mu ji yadda take bar nata 'ya'yan ta zo renon ɗan biri ba, ba mu ji abin da ƙauyensu ya rasa da aka sare dajin ba. Alhali su ma dajin nan nasu ne.

Na huɗu shi ne ƙarshen fim ɗin. An kai biran daji, an buɗe keji, sun hau bishiya, kiɗa ya tashi, shi ke nan. Daidai da yadda littattafan soyayyarmu ke ƙarewa ranar kai amarya, alhali duk mai aure ya san ranar aka fara. Masaniya Anne Russon ta Jami'ar York a Kanada ta tattara rahotannin sakin da aka yi a wurare daban-daban, a 2009 ta nuna cewa yawan waɗanda ke rayuwa bayan saki ya kama daga kashi 20 zuwa kashi 80 cikin ɗari, gwargwadon wuri da irin shirin da aka yi. Wato akwai inda huɗu cikin biyar ba su kai labari ba. Buɗe keji abu ne na minti ɗaya. Bin sawun birin wata da watanni a ga ko yana samun abinci, ko yana yin sheƙa, ko ya sauko ƙasa yana jiran ayaba, wannan shi ne aikin, kuma shi ne bai shiga fim ba.

Ɗan sa kai: abin da ya gani da abin da zai tarar

Yanzu ɗauki matashiyar da ta kalli wannan fim ta ce ita ma sai ta je. Me take hange? Jariri a kafaɗarta, fida a hannunta. Akwai lokacin da hakan ke yiwuwa. Lone Drøscher Nielsen ma'aikaciyar jirgin sama ce 'yar Denmak, ta fara zuwa sa kai a wurin Galdikas, daga baya ta ajiye aikinta ta koma Borniyo gaba ɗaya, a 1999 ta kafa cibiyar Nyaru Menteng kusa da birnin Palangka Raya. Labarinta shi ne mafarkin kowane ɗan sa kai. Amma ita rayuwarta ta bayar, ba hutun mako biyu ba.

A cibiyoyin da suka san abin da suke yi, ɗan sa kai na ɗan lokaci ba ya taɓa biri. Shi zai biya kuɗin zuwansa da zamansa, a nemi shaidar gwajin lafiyarsa, a ɗaura masa takunkumi. Aikinsa wanke keji, yanka kayan itace, haɗa siminti, gyara gadar katako, dasa bishiya, da cusa gyaɗa ko zuma a cikin gora ko buhu don biran da ke tsare su samu abin ɓata lokaci. Dalilin hana taɓawar ba cuta kaɗai ba ne. Maraya yana buƙatar fuska ɗaya da zai saba da ita. In kowane mako sabon baƙo zai rungume shi ya tafi, an maimaita masa maraicin ke nan sau da yawa. Da annobar korona ta zo a 2020, cibiyoyin sun rufe ƙofa ga baƙi da 'yan sa kai baki ɗaya, ma'aikata 'yan ƙasa suka ci gaba da aikin. Abin da aka fi jin rashinsa a lokacin shi ne kuɗin da baƙin ke kawowa.

Ka ga illar fim mai daɗi ke nan. Yana tallata aikin da cibiyar kirki ba za ta ba ka ba. Wanda ya nace sai ya rungumi jariri kuwa zai samu mai sayar masa da wannan damar, a wuraren da ke ajiye birai don ɗaukar hoto da 'yan yawon buɗe ido. Kuma mun riga mun faɗi yadda ake samo jariri.

Orangutan Jungle School: an gyara, amma da saura

Wannan shirin mai dogon zango a Nyaru Menteng aka ɗauke shi, cibiyar gidauniyar BOS. Shi ne mai baron nan. Da yake yana da lokaci, ya nuna abin da fim ɗin minti 40 ba zai iya ba: makaranta ce sosai, aji-aji, daga 'yan goye zuwa manya, daga nan a kai su tsibiran gwaji a cikin kogi su zauna kusan su kaɗai, wanda ya ci jarrabawa sannan a kai shi daji. Za ka ga malama ta fasa ruɓaɓɓen icce tana tsotsar gara a gabansu don su kwaikwaya. Za ka ga an ɓoye macijin roba a ƙarƙashin ganye, an yaye, malamai sun kurma ihu suna dukansa da sanda, 'yan makaranta sun tarwatse sun haye bishiya. Abin dariya ne, amma in ka tuna cewa darasin uwa ne mutum ke ƙoƙarin yi da roba, sai dariyar ta tsaya maka a wuya.

Babban abin yabo a nan shi ne 'yan ƙasa ne a gaba. Masu reno da likitocin dabbobi 'yan Indunusiya ne, da sunayensu, da bakinsu suke bayani, da takunkumi a fuska. Shirin bai ɓoye cewa wasu biran ba za su taɓa komawa daji ba, saboda naƙasa ko cuta ko daɗewa a hannun mutane.

Laifinsa shi ne ya mai da biran 'yan wasan kwaikwayo. Ga Beni sarkin cin ayaba da aka sa wa dokar rage ƙiba, ga Valentino shaƙiyyin aji, ga Alba zabiya da aka ceto a 2017 aka saki a ƙarshen 2018. Mai ba da labari yana sa masu tunani irin na mutane a baki, ana yanke kowane kashi a inda za ka matsu ka ga na gaba, kamar dai finafinanmu masu dogon zango. Yana da daɗin kallo, ba musu. Sai dai da ka shaƙu da Beni, sai ka fara jin kamar matsalar ta ƙare in Beni ya rame. Daga 2012 zuwa 2023 gidauniyar BOS ta saki birai sama da 500, aikin da ya ci ɗimbin kuɗi da gumi. Ajiye wannan 500 kusa da 100,000 ɗin can, ka ga tazarar. Wani nazari na 2014 ma ya lissafa cewa kuɗin renon biri ɗaya a mayar da shi daji ya ninka sau goma sha biyu kuɗin kare biri ɗaya ta hanyar tsare dajin da yake ciki. Rigakafi ya fi magani, amma rigakafi ba shi da fuskar jariri, shi ya sa kyamara ba ta son sa.

Green: fim ɗin da ba ya lallashi

Sai na uku, wanda shi ne mafi ƙarancin kuɗi kuma mafi nauyi. Patrick Rouxel Bafaranshe ne da ya bar aikin siddabarun hoto a masana'antar fim ya ɗauki kyamara ya shiga daji. A fim ɗin babu mai ba da labari ko ɗaya, babu hira. An buɗe da wata birinya, an sa mata suna Green, an cusa ta a jaka kanta a waje, ana jijjiga ta a bayan mota. Daga nan sai ga ta kwance a kan katifa a wani ɗaki, an sa mata ƙarin ruwa, gefen jikinta ya shanye. Kwanakinta na ƙarshe muke kallo.

Daga fuskarta sai a yanka zuwa kurmi da tsuntsayensa da biransa. A dawo kanta. A yanka zuwa injin yankan katako, bishiya tana faɗuwa, manyan motoci, masana'antar takarda, wuta, sai layin kwakwar manja iya ganinka. A dawo kanta. A yanka zuwa kantunan manyan birane: kujerun katako, tarin takardu, kayan kwalliya, kayan ciye-ciye. A ƙarshe, inda aka saba jera sunayen 'yan wasa, sai darakta ya jera sunayen kamfanoni da bankunan da ya ɗora wa alhaki. Dodon da Born to Be Wild ya cire daga tatsuniya, ga shi nan da suna. Fim ɗin ya ci babbar kyauta a bikin Jackson Hole na Amurka a 2009 da na Wildscreen a Ingila a 2010, kuma mai shi ya sake shi kyauta a intanet ga duk mai son kalla ko nunawa.

Duk mai son koyon tace hoto ya kalli Green. Da yanka kaɗai aka gina hujja tun daga kan bishiya har zuwa kanti, ba a furta kalma ba. Rashin magana kuma ya sa babu shingen harshe. Tsohuwar da ba ta jin Turanci za ta fahimce shi sarai.

A nan ne kuma labarin ya iso ƙofar gidanmu. Kwakwar manja 'yar asalin Afirka ta Yamma ce. A 1848 aka dasa 'yan tsirai huɗu a lambun Bogor da ke tsibirin Jaba, a farkon ƙarni na 20 aka fara manyan gonakinta a Sumatara da Malaya. A farkon shekarun 1960 Nijeriya na sahun gaba a duniya wajen manja. Yau Indunusiya da Maleshiya ke samar da kusan kashi 85 cikin ɗari, har mu ma muna sayowa daga can. Tataccen man yana cikin sabulu da biskit da taliyar yara da man shafawa. Kantin da Rouxel ya nuna bai bambanta da na bakin titinmu ba.

Amma shi ma Green yana da nasa. Na farko, yadda aka tsara yankan yana sa ka ɗauka birinyar ce ke tuna dajinta, alhali hotuna ne da aka ɗauka a wurare daban-daban aka jera. Dabara ce mai ƙarfi, amma dabara ce, kuma fim ɗin gaskiya ya kamata ya yi hattara da ita. Na biyu, rashin magana ya hana shi faɗin abin da hoto ba ya iya faɗa. Kusan kashi 40 cikin ɗari na gonakin kwakwar Indunusiya na ƙananan manoma ne, masu biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu da ita. A fim ɗin ba su da murya, kamar yadda masu reno ba su da ita a na farko. Kwakwa kuma ta fi duk wani amfanin gona ba da mai a kowace hekta, don haka in an guje ta an koma waken soya, filin da za a share sai ya fi haka. Binciken 2018 ɗin nan ma ya nuna cewa mafi yawan biran da aka rasa, a dazukan da ke tsaye aka rasa su, abin da ke nuni da kisa kai tsaye. Wanda ya kalli Green kaɗai zai fita da fushi da abokin gaba guda ɗaya, alhali sun fi haka.

Hukunci

In maki ake bayarwa, Born to Be Wild ya ci na kyan hoto ya faɗi na gaskiya. Orangutan Jungle School ya ci na bayani da adalci ga ma'aikata, ya yi asarar wasu a wajen son nishaɗi. Green ya ci na jarumta da iya yanka, ya gaza wajen sauraron mutanen da ke zaune a bakin dajin. A cikin ukun, shi zan ajiye a sama, domin shi kaɗai ya yi tambayar da ke kan wannan sharhi.

Shawarata, mai karatu, ka kalle su a jere: fara da Green ka san abin da ya faru da uwar, sannan Jungle School ka ga wahalar maye gurbinta, sannan ka huta da Born to Be Wild tare da yara. In ka juya jerin, zaƙin farko zai hana ka jin ɗacin ƙarshe. In kuma akwai mai niyyar zuwa aikin sa kai, a can ko a wata cibiyar dabbobi ko'ina, ga ma'auni mai sauƙi: ya tambaya ko za a bar shi ya ɗauki jaririn. In aka ce e, ya riƙe kuɗinsa.

Ga masu shirya finafinanmu kuwa, wani mutum ɗaya da kyamara ɗaya ya yi fim ɗin da ya zaga duniya ba tare da tauraro ko waƙa ba. Dazukan da ake mayarwa gawayi buhu-buhu a kan hanyoyinmu suna nan suna jiran wanda zai ɗora kyamara a kansu.